Yajin Mutanen Ailan a Ƙofar Inna

Duk abin da na sani game da mutanen Ailan na zamanin da, a kan bencin wani tsoho na tsince shi, a ƙofar gidan da ke jikin namu a Kazaure. Ba don jarrabawa na koya ba, daɗin hira ne kawai. Da wani ya ce mini wata rana zan ɗauko al'adar waɗansu Turawa da suka daɗe da zama ƙasa in kai ta ƙofar ɗakin Inna, da na ce ya je a duba masa kai.

Baba Ticha muke ce wa tsohon nan. Mutumin Filato ne, Kirista, koyarwa ce ta kawo shi tun muna 'yan firamare. Ya yi ritaya ya ƙi komawa, wai sanyin garinsu ya daina shiri da gwiwoyinsa. Rabin ma'aikatan ƙasar nan sun sha bulalarsa, ni ma ban tsira ba. Da yamma yakan fito da benci da 'yar rediyonsa, ni kuma in na dawo daga aiki a Roni na kafe babur, sai in zauna mu taɓa kafin a kira magariba.

In zai ɗauko labari sai ya ce, "Fada ya gaya mana." Ina yaro na ɗauka fadar sarki yake nufi, har ina mamakin yadda baƙo ya fi mu shiga fada. Sai da na yi wayo na gane limamin cocinsu yake nufi, wani Bature mutumin Ailan da ya koyar da su a makarantar mishan. Kuma kada ka kuskura ka ce masa ai Turawa duk ɗaya ne. Ni na taɓa yin wannan suɓutar bakin, na ce, "Baba, wai ba su ne 'yan Ingila ba?" Ya kashe rediyo ya juyo gaba ɗaya.

"Kai ɗana, in na ce maka Bakano za ka amsa?"

"Haba Baba, da masarautarmu da komai?"

"To ka gani. Tsibirinsu daban, harshensu daban. Kai, waɗannan ai Fulanin Turai ne."

Daga nan fa ba a tashi. Ya ce a can da ba su da birni, ba su san sulalla ba, saniya ce kuɗinsu. Da ita ake biyan sadaki, da ita ake biyan diyya, mutuncin mutum ma da shanu ake auna shi. Sarakuna kuwa barkatai, kowane kwari da nasa. "Kamar a ce Roni da sarkinta, Gwiwa da nata, Yankwashi da nata, Kanya Babba ma ta ce ba za a bar ta a baya ba. Sabon sarki kuma in yana son a san ya hau, sai ya je ya koro garken maƙwabcinsa." Ya ce Rumawa da suka mamaye Ingila ba su taɓa cin su da yaƙi ba. Ya ba ni labarin mawaƙansu da sarakuna ke tsoro, don an yi imani zambo ɗaya kan sa fuskar mutum ta yi ƙuraje. Na ce ai mu ma muna da irinsu, sai dai namu aljihu suke sa wa ƙuraje. Akwai malaman addininsu masu zaman kaɗaici suna kwafar littattafai da hannu a kan fatar maraƙi, da dogayen hasumiyoyi na dutse masu ƙofa can sama, sai da tsani. Sai waɗansu mayaƙa suka ɓullo daga arewa cikin jiragen ruwa, suka yi ta ɓarna, da suka gaji suka zauna suka kafa garuruwan kasuwa suka auri 'yan ƙasa. Daga baya mutanen Ingila suka shigo, aka shiga wata doguwar rigimar da Baba ba ya son ya fara ta in magariba ta kusa.

Duk abin da na jiyo, cikin gida nake kai shi, wurin Inna, lokacin cin tuwo.

Inna ba ita ta haife ni ba. Yayar mahaifina ce, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ni kuwa ɗan fari ne, ana yaye ni aka ɗauko ni daga Kanya Babba aka sa mata a baya, ban sake komawa ba sai da ziyara. Wadda ta haife ni tana can da ranta, Adda nake ce mata, ita kuma saboda alkunya ko sunana ba ta faɗa, in ta matsu sai ta ce "wancan na Kazaure". Da na gaya wa Baba Ticha haka, sai da ya buga cinya. Ya ce mutanen Ailan ma haka suke, ɗa ba ya girma a gidan ubansa, riƙo ake kai shi, kuma sunan nan mai daɗi da yaro ke kiran uwa da shi, uwar riƙo suke ba wa. Na kai wa Inna wannan, ta ce, "To ashe suna da hankali." Amma da na gaya mata suna binne man shanu a fadama, har yanzu masu haƙa suna tono shi, sai ta janye yabonta. Ta ce wannan almubazzaranci ne, ba ta ga abin burgewa ba.

A gidan mijinta marigayi muke zaune, ni da maiɗakina da yara. Maiɗakina ke girki, amma kwanon tuwona na dare ba mai taɓa shi sai Inna. Ita za ta zuba miya, ita za ta tsamo nama, a ƙofar ɗakinta nake ci a kan tabarma, tun ina ɗan mitsitsi har na fara aurar da ƙannena.

Sai idonta ya fara hazo. Da farko ta ɓoye, in ta yi tuntuɓe da buta sai ta ce yara ne ba su da tarbiyya. Ranar da ta zuba mini sukari a miyar kuka na shanye ban ce komai ba. Amma ranar da ta kai hannu ta dafa garwashi da zaton murfin tukunya ne, na ɗauke ta sai asibiti. Likita ya haska ya ce yanar ido ce ta rufe duka biyun, aiki ne ƙarami, a Kano ake yi, amma in aka bar ta ta daɗe abin zai yi wuya. Na yi murna, na ce an gama. Inna ta ce ba inda za ta.

Ba irin lallashin da ban yi ba. Na turo liman, ta ba shi goro ta sallame shi. Na turo ƙawarta da aka yi wa aikin, suka ɓuge da hirar tsadar gero. In na matsa sai ta ce, "Me ya rage a duniyar nan ban gani ba?" Wata rana Baba Ticha ya shigo gaishe ta, don shi tsufa ya ba shi izinin shiga kowane gida a layinmu. Ya ce, "Hajiya, a ƙasar su Fada fa sarki in ya rasa ido sauke shi ake yi, mai naƙasa ba ya sarauta." Ta ce, "To Malam, an ce maka sarauta nake nema?" Ya fito yana dariya, ni kuwa raina ya ɓaci. Ina kallon matar da ta koya mini zura zare a allura tana lalube bango kafin ta kai banɗaki. Wallahi abin yana ci mini rai, har barci ya fara yi mini wuya.

Da yammar nan na zauna a benci ina huci. Baba ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Da a Ailan ne, da ka yi mata zaman ƙofa."

Na ce mene ne kuma zaman ƙofa?

Ya ce in wanda ya fi ka ƙarfi ya hana ka hakkinka, sarki ne ko babban malami, ba ka da ikon kama shi, sai ka je ƙofar gidansa ka zauna ka ƙi cin abinci. Duk gari a gani. Shi ma a doka ba shi da damar ya sa loma a baki kana zaune. In ya ci, mutuncinsa ya zube, kuma abin da ake bin sa ya ninku. Dole ya fito a sasanta.

Na ce, "Baba, ka tabbata ana dacewa?"

"Sarakuna ma sun sauko, bare Hajiya."

Baba bai san Inna ba, ni kuma da na san ta ban yi tunani ba. Lokacin ina hutun aiki. Gari na wayewa na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, na harɗe, na haɗe rai. Maiɗakina ta kawo koko da ƙosai, na kawar da kai. Ta dube ni ta dubi kwanon, ta leƙa ɗaki ta ce, "Inna, Malam fa ya ƙi karyawa."

Daga ciki Inna ta ce, "Ke ma dai, yau ba Alhamis ba ce? Azumi yake yi. Allah ya karɓa, ɗan nan."

Af! Ni sam ban duba ranar ba. Na so in yi magana, sai na ga in na ce ba azumi nake ba girmana zai zube a gaban yara. Haka na wuni, rana ta zagayo ta same ni, na ja tabarma, ta sake biyo ni. Duk wadda ta shigo gidan sai ta rage murya ta ce, "Sannu da ibada, Malam." Inna kuwa har ta sa aka kashe rediyo kada a dame ni. Ana kiran magariba sai ga kunun tsamiya, ga dabino, ga ƙosai mai zafi, maƙwabciyarmu ma ta aiko da kankana. Inna ta lalubo kofi ta miƙo mini da hannunta mai ƙunar nan. Me zan yi? Na sha. Na ci har na nemi ƙari, ta yi ta sa mini albarka.

Da na ba Baba Ticha labari ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na bubbuga masa baya. Ya share hawaye ya ce, "Kai ɗana, ka yi abin a juye. Su daga faɗuwar rana suke farawa zuwa wayewar gari, abincin dare suke ƙi. Kuma sai ka faɗa da bakinka, kowa ya ji dalili. Kai ka je ka yi nafila kawai."

Na ce, "Wato da rana zan iya ci?"

"Haka Fada ya ce."

To wannan ai da sauƙi. Na ji har na fara son mutanen Ailan.

Na bari sai da hutuna ya ƙare. Ranar da na koma aiki, da azahar na zauna wurin mai abinci a Roni na nannaɗe hannun riga na yi wa shinkafa da wake kyakkyawan zama. Da magariba Inna ta ajiye mini kwano kamar kullum. Na gyara murya yadda duk gidan za su ji.

"Inna, yajin cin abinci nake yi."

"Yajin cin abinci? Ai akwai. Ke, ɗauko masa kwalbar nan ta kan kanta, wanda na daka da citta."

Maiɗakina ta toshe baki da mayafi ta shige ɗaki, ina jin ta tana shaƙewa. Na ce, "Inna, ba yajin barkono ba. Yaji na yi. Ba zan ƙara cin tuwon nan ba sai kin yarda mun je Kano."

Ta ce, "Namiji da yaji? To gidan wa za ka tafi, mu san inda za mu je biko?"

"Ba inda za ni. A nan zan zauna."

"Wa ya koya maka wannan shashancin?"

"Al'adar mutanen Ailan ce."

"Masu binne man shanu?"

"Su."

"To Allah ya shirye ku gaba ɗaya."

Ta lalubi kwanon ta rufe, ta ja shi ciki.

Haka muka yi ta yi. Kullum da magariba ta ajiye kwano, in ture, ta ɗauke. Ba faɗa, ba roƙo. Ni kuwa na ƙara wa cin rana ƙarfi, har mai abincin Roni ta fara tambaya ko maiɗakina ta yi tafiya. Da yamma ina ba Baba rahoto a benci kamar wani sarkin yaƙi. Na ce ta fara laushi, muryarta ma ta yi ƙasa, yau ko tsiya ba ta yi mini ba. Baba ya ce in daure, nasara ta kusa.

Ranar nan na dawo ina tura babur cikin soro, sai na tarar da maiɗakina a tsaye tana jirana. Ba ta yi mini sannu da zuwa ba. Ta kama hannun rigata ta ɗaga.

"Malam, wannan manjan na ina ne?"

Na fara kame-kame, na ce ai dokar ta yarda a ci da rana.

"Dokar wa? Ita Inna an karanta mata dokar? Tunda ka fara wannan abin, ban da ruwa ba abin da ya shiga cikinta. Na dama kunu ta ce in ba yara. Na yi fate ta ce ba ta jin yunwa. Ɗazu da za ta tashi alwala sai da na riƙe ta."

Na ce, "Don me ba za ta ci ba? Ai ni ke yajin."

Ta dube ni yadda ake duban yaron da ya kasa haɗa baƙi. Ta ce, "Kai wai ba ka sani ba? Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin Inna ta ci tuwon dare kafin kai ba. Ba ta da kwano. Abin da ka rage shi take ci. Yanzu kuma tana zaton da yunwa kake wuni, ta ce yaya za a yi ta ci ɗan nan bai ci ba?"

Wallahi sai da na dafa babur. Shekara da shekaru ina miƙa mata kwano in tashi in wanke hannu, ban taɓa waiwayawa na ga inda yake zuwa ba. Na tuna ranakun da miya ta yi daɗi na suɗe kwanon tas, tana cewa madalla. Dokar nan ta mutanen Ailan da Baba ya ce sarakuna ke jin tsoro, Inna ba ta taɓa jin ta ba, amma ta fi ni kiyaye ta.

Ban jira magariba ba. Na shiga ɗakinta na durƙusa. Tana kishingiɗe da carbi, ta rame har wuyanta ya fito. Na ce a kawo abinci, ko mene ne. Aka kawo ɗumamen tuwo. Na ci loma biyu da ƙarfi yadda za ta ji motsin bakina, na tura mata kwanon.

"Yajin ya ƙare?"

"Ya ƙare, Inna. Kin ci ni. Don Allah ki ci."

"Ci dai tukuna."

Sai da na ƙara ci sannan ta sa hannu. Tana ci a hankali ina kallonta. Na ce, "Inna, ki gaya mini gaskiya. Wuƙar kike tsoro?"

Ta ce, "Wuƙar me? Ni da aka cire mini haƙori ba allura." Sai ta ɗora da cewa, "Kai ɗan mutane ne. Amana aka ba ni, na riƙe, na gama. Wadda ta sha wahalar cikinka tana can da ciwon ƙafa, ba ta taɓa buɗe baki ta ce ka kai ta ko'ina ba. Sai ni da ban san zafin naƙudarka ba za ka ɗauka ka kai Kano, ana nuna mu? A ce daman don haka na riƙe ka? Ina, ba da ni ba."

Na yi rantsuwa, na yi magiya, na ce ba wanda zai faɗi haka. Ta ce in tashi an kira salla.

Ashe maiɗakina ba ta tsaya jiran mutanen Ailan ba. Tun kafin ta tare ni a soro ta riga ta buga waya Kanya Babba. Washegari da hantsi sai ga a-daidaita-sahu ta tsaya a ƙofar gida, Adda ta fito tana dogara sanda, da 'yar tabarmarta a hammata. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wajen kamar yadda ta saba. Ta wuce kai tsaye ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Inna, daidai inda nake zama. Suka gaisa, suka tambayi mutan gida da amfanin gona. Aka kawo mata fura, ta ture.

Ta ce, "Yaya, an ce wani sabon yayi ya shigo gidan nan, in mutum yana da magana sai ya zauna a ƙofa ya ƙi ci. To ni ma na zo."

Inna ta ce, "Haba, ke ma kin biye wa shirmen yara?"

"Na biye. Kuma ni ba na zuwa Roni da rana."

Na sunkuyar da kai. Ashe har wannan ta ji.

Adda ta gyara ƙafarta mai ciwo ta ce, "Yaya, ni haihuwa kawai na yi. Ban san ranar da ya yi ƙyanda ba, ban san wanda ya kai shi makaranta ba, ban san abin da yake so a miya ba. In akwai mai ɗa a nan, ke ce. In kika makance da gangan don kunyata, ni kika ɗora wa nauyi, kuma ba zan iya ɗauka ba." Daga nan ta nuna ni da sanda ba tare da ta dube ni ba, ta kira sunana, ta ce in kai uwata asibiti. Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar. Na rasa inda zan sa kaina, na tsaya ina gyara hular da ba ta karkace ba.

Can Inna ta ce, "Ke, miƙo mata furar nan kada ta yi tsami." Ta ja numfashi. "Amma fa tare za mu. In an gama da idona a duba ƙafarki, in ba haka ba ba ni zuwa."

Adda ta ce ta yarda, ta ɗauki ludayi.

Da na fita na gaya wa Baba Ticha, sai ya gyara zama ya ce ai daman ya faɗa, dabarar mutanen Ailan ba ta faɗuwa ƙasa. Na ce, "Baba, dabararku ta kusa kashe mini tsohuwa." Ya ce wannan kuma laifin mai aiki da ita ne, Fada bai ce a je Roni ba.

Aka yi aikin ido ɗaya, aka ce ɗayan sai an huta. Da aka zo cire bandeji ina tsaye a gabanta. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta ɗaga kai ta ƙura mini ido. Na jira in ji addu'a ko kuka. Sai ta ce, "La ila! Kai, wa ya ba ka furfura?" Ma'aikaciyar jinyar ta fashe da dariya. A hanyar dawowa ba abin da ta bari, ta ce duwatsun Kazaure sun ƙara girma, ta ce fentin gidanmu bai yi ba, ta ce wa Baba Ticha ashe haka ya tsufa ba wanda ya gaya mata.

Ni kuwa tun ranar da aka tare ni a soro na canja cin tuwo. Nakan ci rabi in ce na ƙoshi, naman da ta tsamo mini in tura shi ƙarƙashin loma in rufe kwano. Muddin tana cikin hazo, dabarar tana tafiya lafiya lau, ta ɗauka miyar ce ta yi albarka.

Daren da muka dawo ta zuba mini da kanta, ba lalube. Ta zauna a bakin ƙofa da baƙin tabaran da aka ba ta. Na ci rabi, na faki ido na cusa naman a ƙasa, na ja murfi na ce alhamdu lillahi.

Ta sa hannu ta buɗe kwanon, ta tono naman da yatsa ta turo mini.

"Ɗauki abinka, ɗan nan. Ina ganinka fa yanzu."